Dabarar Marufi a Sana'ar Katin Gaisuwa na Hannu

 

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ƙunshi a jajibirin Sallah ya riga ya ga dabarar da wannan lacca za ta tattauna, ko da bai lura ba. Mai ƙunshi takan manna salatif a bayan faranti ko a kan gilashi, ta sa reza ta yayyanka shi: ga ganye, ga tauraro, ga layi mai lanƙwasa. Sai ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ta jera a tafin hannu da ƙafa, ta kawo kwaɓaɓɓen lalle ta lafta a kai, ta ɗaure da leda. Bayan 'yan sa'o'i a kwance, a kankare lalle, a ɓare salatif, zane ya fito tsaf. Inda aka rufe ya zauna da launin fata, inda aka bari ya yi jawur. Mai ƙunshi ba ta zana furen da lalle ba, hana lalle isa wurin ta yi.

Da wannan hikimar ne masu yin katin gaisuwa da hannu suke fitar da aikin da in an gani sai a rantse inji ne ya buga. Sukan yanka 'yar takarda ko leda, su rufe wani ɓangare na katin, su shafa launi a sauran, sannan su ɗauke abin da suka rufe da shi. Wannan abin rufewa shi ne marufi, kuma kowa zai iya yin nasa a gida da tarkacen da ake zubarwa. Amfaninsa biyu ne manya. Na farko, wanda bai iya zane ba zai fitar da siffa mai tsabtar gefe. Na biyu, marufi ɗaya zai yi kati ashirin ko hamsin iri guda, kuma daga nan ne abin sha'awa yake komawa sana'a.

Tsohuwar dabara

Ɗan Adam ya daɗe da sanin wannan hanya. A kogunan tsibirin Sulawesi na ƙasar Indonesiya akwai siffofin tafin hannu a jikin dutse, waɗanda aka yi ta hanyar ɗora hannu a bango a fesa jan launi a kewayensa. A shekarar 2014 masana suka auna ɗaya daga cikinsu, suka ce ya kai aƙalla shekara 39,900. A kudancin Ajantina ma akwai wani kogo da ake kira Kogon Hannaye, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihi na duniya a 1999. Hannayen da ke jikin bangonsa yawancinsu na hagu ne, kuma dalilin a fili yake: mai aikin ya ɗora hagunsa ne a dutse, damansa na riƙe da bututun ƙashin da yake hura launin da shi. Marufi na farko a tarihi tafin hannu ne.

Mutanen Japan sun kai dabarar wani matsayi na ban mamaki. A yankin Ise sukan haɗa siraran takardu, su manne su da ruwan wani ɗan itace mai bauri, su turara da hayaƙi har takardar ta yi ƙarfi, ruwa ba ya cin ta. Daga nan sai gwani ya huda zane a jiki da ƙananan wuƙaƙe. A ɗora a kan ƙyalle, a shafa kunun shinkafa ta cikin hudojin, a tsoma a ruwan baba. Inda kunu ya zauna rini ba ya kamawa. Idan zanen ya yi sirara da yawa har yana neman wargajewa, sukan shimfiɗa zaren siliki a tsakanin takardun don ya riƙe shi.

Wanda ya san Abekuta zai ce ai wannan adire ne, kuma gaskiyarsa. Yarabawa sukan yanka zane a jikin fallen ƙarfe marar kauri, su shafa kunun rogo ta cikinsa a kan farin yadi kafin a kai shi rini. A marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, da zare ake ɗaure yadi tamau ko a ɗinke shi, don kada baba ya shiga inda ba a so. Hanyoyin sun bambanta, manufar guda ce.

Shi kuwa salatif ɗin takarda da masu fentin mota suke amfani da shi a kowane gareji, yana da nasa labarin. A farkon shekarun 1920 motoci masu launi biyu suna tashe a Amurka, masu fenti kuma suna shan wahala, domin gam ɗin da suke manna jarida da shi yakan ɓare sabon fenti idan an zo cirewa. Wani matashin ma'aikacin kamfanin 3M mai suna Richard Drew, wanda yake kai musu takardar goge ƙarfe su gwada, ya ga halin da suke ciki. A 1925 ya fito da salatif mai sauƙin danƙo, wanda yake kamawa kuma ya saki ba tare da ɓarna ba. Wannan siffa, wato kamawa da saki, ita ce ake nema a kowane marufi mai kyau.

Yadda kati ya haɗu da marufi

Katin gaisuwar Kirsimeti na sayarwa ya samo asali ne a Landan a shekarar 1843, shekara uku bayan Ingila ta sauƙaƙa kuɗin aika wasiƙa zuwa kwabo ɗaya. Henry Cole ya sa mai zane John Callcott Horsley ya tsara masa katin Kirsimeti, aka buga guda 1,000, aka sayar da kowane a kan sule ɗaya. Inji ya buga layukan zanen, amma launin da hannu aka sa. Tun kafin wannan, a ƙarni na 15, masu yin katin caca a Turai da takarda mai huda suke sa wa katunansu launi, domin ta fi buroshi sauri nesa ba kusa ba.

A birnin Faris ne aikin ya kai ƙololuwa a shekarun 1910 da 1920. Akwai ɗakunan sana'a da ba su da wani aiki sai sa launi a hotunan mujallun ado da katuna. Gwani zai dubi zane, ya rarraba shi launi-launi, ya yanka wa kowane launi nasa fallen tagulla ko na tutiya. Ma'aikata, yawancinsu mata, su zauna a jere, kowace da launinta da guntun buroshinta, takarda tana wucewa daga hannu zuwa hannu. Hoto ɗaya yakan ci falle da dama kafin ya kammala. Littafin hotunan da mai zane Henri Matisse ya fitar a 1947 ma ta wannan hanya aka buga shi. Abin lura a nan shi ne tsarin aikin: launi ɗaya, marufi ɗaya, a bi da bi. Mai yin kati a tsakar gida a Zariya ko Maraɗi da wannan tsarin zai yi aiki.

Kayan aiki

Ba a buƙatar jari mai yawa. Ana son farin kwali mai ɗan kauri, irin wanda nauyinsa ya kai giram 200 zuwa 300 a murabba'in mita, domin takardar rubutu ta yau da kullum giram 70 ko 80 ce, kuma da ta sha ruwa take lanƙwashewa. Kwali mai girman A4, wato milimita 210 da 297, idan aka raba shi biyu aka ninke kowane rabi, zai ba da kati biyu masu girman milimita 105 da 148. Wannan girman shi ne yake shiga ƙaramin ambulan da ake samu a shagunan takardu, mai milimita 114 da 162, ba sai an yi masa datsa ba.

Sai sabuwar reza, da almakashi, da rula ta ƙarfe, da fensir, da guntun katako ko tsohon kwali mai kauri da za a riƙa yanka a kai. Soso kuwa, guntun katifa daga wurin masu kujeru ya wadatar. A yayyanka shi ƙanana, kowane launi da nasa. A ƙara da tsohon buroshin goge baki, da salatif ɗin takarda, da fentin ruwa irin na 'yan makaranta ko tawadar hatimi.

Shi marufin kansa, abin da za a yi shi da shi ya danganta da yawan aikin da ake so ya yi. Na amfani sau ɗaya ko biyu, tsohuwar takardar jarrabawa ko bangon kalanda ya isa. Ƙananan takardun nan masu danƙo a gefe ɗaya da ake liƙa saƙo da su a ofis, waɗanda suka shiga kasuwa a 1980, sun dace ƙwarai, saboda suna zama da kansu. Wanda zai yi kati da yawa sai ya nemi ledar nan mai haske da ake sa wa bangon takardu a shagunan kwamfuta, ko tsohon fim ɗin hoton ƙirji na asibiti da aka gama da shi. Waɗannan ana wanke su a sake amfani da su shekara da shekaru. Doka ɗaya ce a nan: marufi ya zama marar kauri. Idan ya yi kauri, soso ba ya isa gindin gefensa, sai a sami farin layi ya kewaye zanen.

Marufi iri-iri

Na farko shi ne wanda yake rufe siffar kanta. A yanka da'ira, a ɗora a kan kati, a shafa shuɗi a ko'ina, a ɗauke: ga farin wata a sararin sama. Na biyu kishiyarsa ne, wato mai taga. A huda siffar a tsakiyar takarda, takardar ta rufe dukkan katin, launi ya shiga ta tagar kaɗai. Mai hankali yakan yi yanka ɗaya ya sami duka biyun, domin abin da ya fito daga tsakiya marufi ne, abin da ya rage ma marufi ne. A ajiye su tare a ambulan ɗaya.

Na uku ba ya buƙatar reza sam. A yagi takarda da hannu, gefenta zai fito da ɗan gashi-gashi, ba miƙaƙƙe ba. A ɗora ta a gicciye a shafa launi daga bakinta zuwa sama, a ɗan sauke ta ƙasa a sake shafawa da launin da ya fi duhu, a kuma saukewa. Sau uku ko huɗu, sai ga tuddan rairayi ko jerin duwatsu, na nesa ya dushe, na kusa ya yi ƙarfi. Gajimare ma haka ake yin sa, sai dai a yanka bakin takardar ya yi ƙusumbi-ƙusumbi.

Na huɗu salatif ne, kuma shi ne gwanin layi. A zagaye bakin kati da shi kafin a fara aiki, idan an gama aka ɓare sai a sami farin firam mai tsabta da yake ɗaga darajar katin nan take. A jera shi a karkace a sami ratsi-ratsi irin na saƙi, a gicciya shi a sami ɗakuna. Kafin a manna, a fara danna shi sau biyu ko uku a jikin riga don danƙonsa ya ragu. Wajen cirewa kuma a ja shi a hankali, a kwance, yana komawa ta bayan kansa. Wanda ya fizge shi sama zai tafi da fatar kwalin.

Na biyar Allah ne ya yanka shi. Ganyen dogon yaro, ganyen zogale, reshen ciyawa, gashin zabo, duk marufai ne. A danne ganyen a cikin littafi kwana ɗaya ya miƙe, a shimfiɗa a kan kati, a tsoma buroshin goge baki a fenti mai ɗan ruwa, a riƙe shi sama da katin kamar taƙi ɗaya, a ja babban yatsa a kan gashinsa. Launi zai sauka ɗigo-ɗigo. Idan aka ɗauke ganyen, siffarsa tana nan fara tas, har da tsinin kowane ɗan ganye. Ragowar leshi daga shagon tela ma yana yin wannan aiki, kuma katin aure da aka fesa ta cikin leshi yana da kyan gaske.

Akwai kuma marufin da ba a ɗauke shi. A rubuta suna ko a zana taurari da farin kyandir a kan farin kati, a shafa fentin ruwa a kai. Kakin ba ya shan ruwa, rubutun sai ya bayyana. Yara suna son wannan fiye da kowane.

Katin Sallah, daki-daki

Ga misalin kati ɗaya daga farko har ƙarshe. Abin da ake son fitarwa shi ne jinjirin wata a saman masallaci da almuru.

A ninke kwali, a buɗe shi a shimfiɗe, a rufe bayansa gaba ɗaya da tsohuwar takarda don kada yatsa mai fenti ya taɓa shi. A zagaye fuskar da salatif. Don yin jinjirin wata, a ɗora murfin kwalba a kan takarda mai danƙo a zagaya da fensir, a ɗan matsar da murfin gefe a sake zagayawa. Abin da ke tsakanin layukan biyu shi ne jinjirin. A yanke shi da almakashi, a manna a sama ta hannun dama, a danne bakinsa da farce.

Sai sararin sama. A fara da launi mafi haske, domin duhu yana rufe haske, haske kuwa ba ya rufe duhu. A dangwala soso a ruwan ɗorawa, a daddanna shi a kan tsohuwar jarida har ya kusa bushewa, sannan a kai shi ƙasan katin. Wannan daddannawa a jarida ita ce sirrin aikin gaba ɗaya, kuma ita ce sababbin shiga suke tsallakewa saboda gaggawa. Soso mai jiƙe yakan tura fenti ƙarƙashin marufi, gefen zane ya ɓaci. Bayan ruwan ɗorawa a kawo ruwan lemo a samansa, sai ja kaɗan, sai shunayya, sai shuɗi mai duhu a can sama inda watan yake. Kowane launi ya ɗan hau kan na ƙasansa don kada a ga iyaka. Idan an zo wurin marufi, soso ya tashi daga kan marufin ya fita waje. In aka yi akasin haka, soson zai ɗaga bakin takardar.

A bari ya bushe sarai. Sannan a kawo marufi mai taga wanda aka yanka siffar ƙubba da hasumiya da katanga a jikinsa, a ɗora a ƙasa, a cika da baƙi. A ɗan fesa farin fenti a sama da buroshi don taurari. Daga ƙarshe a sa tsinin reza a ɗaga jinjirin watan, a ɓare salatif. Kati na farko zai ɗauki lokaci saboda yanka. Na biyu zuwa na ashirin kuwa a jere ake yin su: a sa wa duka ruwan ɗorawa, a dawo a sa wa duka ruwan lemo, kafin a kai na ƙarshe na farko ya bushe.

Masu aiki da hatimi suna da wata dabara da ya kamata a sani. Ana sassaƙa hatimi a jikin magogin fensir ko tsohon silifa, a ce siffar fure. Idan ana son fure uku, ɗaya a gaba biyu suna leƙowa ta bayansa, wanda zai zauna a gaba shi ake fara bugawa. A sake buga shi a kan 'yar takarda, a yanke, a rufe na kan katin da ita, sannan a buga sauran biyun suna hawa kan marufin. Da an ɗauke, furen farko yana gaba, sauran sun ɓuya a bayansa. A nan ana yanka marufin ne ta ɗan cikin layi, kamar kaurin gashi, don kada a bar farin gibi tsakanin furannin.

Batun gada

Wanda zai huda rubutu a marufi mai taga zai ci karo da matsala nan da nan. Haruffa irin su o da a da b da ɗ suna da ciki, kuma idan aka yanka kewayen cikin, tsakiyar faɗuwa take yi, harafin ya koma dunƙule. A cikin haruffa 13 na Barka da Sallah, guda 7 suna da wannan ciki. A rubutun ajami ma haka mim da wawu da sadi suke. Maganin shi ne a bar 'yar siririyar gada, milimita biyu ko uku, da za ta riƙe tsakiyar da sauran takardar. Duk wanda ya dubi lambar da aka fesa a jikin keke Napep ko a buhun taki zai ga waɗannan gadoji. Mai son rubutu ya fito a haɗe sai ya cike gurbin gadar da siririn buroshi bayan ya ɗauke marufin.

A nan ne dagi ya yi wa mai wannan sana'a gata. Da yake zanen igiya ce da take hawa kan kanta tana shiga ƙarƙashi, a duk mahaɗa layi ɗaya yana katsewa don ɗaya ya wuce. Waɗannan katsewa su ne gadojin, ba sai an ƙirƙiro wasu ba. Dagi ɗaya da aka yanka da kyau a jikin leda zai yi katin suna, ya yi na aure, ya yi na naɗin sarauta, launi kawai za a sauya.

Zane da launi na gida

Katunan da ake shigo da su cike suke da dusar ƙanƙara da furannin da ba sa tsiro a nan. Alhali kuwa ƙasar Hausa tana da siffofin da aka gane su daga inuwarsu kaɗai, kuma irin waɗannan su ne marufi ya fi so. Soro mai zankwaye, hasumiyar Gobarau ta Katsina, hasumiyar masallacin Agadas da itatuwan da suka fito a jikinta, dutsen Dala, kuka, giginya, raƙumi, doki da mahayi a hawan Sallah, algaita da kakaki, ƙwarya da faifai. Zanen da ke bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano da Damagaram, da adon allon zayyana, da aikin dukawa a jikin fata, duk taska ce da ke jiran mai reza.

Launi ma akwai na gida. Fentin ruwan da ake sayarwa garin launi ne da aka haɗa da ƙaro, shi ƙaron nan da ake tsinta a Yobe da Barno da Jigawa, wanda Sudan ta fi kowa fitar da shi. Almajirin da yake dafa tawada da gawayi da ƙaro ya riga ya san haɗin. Tawadar allo tana ba da baƙi mai kyau, shuni yana ba da shuɗi, jar ƙasa da aka tankaɗe aka kwaɓa da ruwan ƙaro tana ba da launin katanga. Zoɓo da kurkum suna da haske a ranar farko, sai dai rana tana cinye su da wuri. A bar su ga aikin koyo, katin sayarwa a yi shi da launin da zai daɗe.

Yanayi yana da nasa hukunci. Da hunturu fenti yana bushewa a kan soso kafin a kai shi kati, ƙura kuma tana manne wa salatif, don haka a riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan a cikin ɗaki. Da damina kwali yana shan laima, ya yi laushi, salatif ya fi saurin ɓare shi, kuma dole a ƙara haƙuri tsakanin launi da launi. Katin da ya lanƙwashe a sa shi ƙarƙashin littattafai masu nauyi ya kwana.

Hattara guda biyu

Ta farko a kan lafiya ce. Reza marar kaifi ta fi sabuwa haɗari, domin sai an danna ta da ƙarfi, daga nan ta zame. A naɗe gefe ɗaya na rezar da salatif, a riƙa yanka ana nesanta ta da yatsun da suka danne takarda, kuma idan layi ya lanƙwasa a juya takardar, hannu ya tsaya yadda yake. Yara ƙanana a bar su da almakashi da yagar hannu da ganye. Fentin gwangwani na fesa mota ba na cikin ɗaki ba ne.

Ta biyu a kan ladabi ce. Kati yakan ƙare a ƙasan akwati, wani lokaci a hannun yaro, wani lokaci a shara. Saboda haka ya fi dacewa a guji rubuta ayoyin Alƙur'ani a jikinsa. Barka da shan ruwa, Allah ya raya, Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya ƙara sauƙi, sannu da dawowa: Hausa ba ta rasa gaisuwar da za ta cika kati.

Daga sha'awa zuwa sana'a

A yau gaisuwar Sallah ta koma hoto guda da ake turawa mutum ɗari ta WhatsApp, wanda aka tura wa ma ya san ba don shi aka yi ba. Wannan ne ya buɗe wa katin hannu kasuwa. Mutum yana son abin da zai miƙa wa mahaifiyarsa ko malaminsa ko amaryarsa, mai ɗauke da sunanta, wanda za a jingina a kan kabad a riƙa gani. Lokutan kuwa ba sa ƙarewa: ƙaramar Sallah da babba, suna, ɗaurin aure, saukar karatu, kammala makaranta, dawowa daga Hajji, duba marar lafiya, da Kirsimeti ga maƙwabta da abokan aiki Kirista.

Mai son shiga sana'ar ya fara da zane uku ko huɗu da ya ƙware a kansu, ya yanka su a leda, ya rubuta wa kowane marufi lamba da alamar sama da ƙasa. Ya lissafa kuɗin kwali da ambulan da fenti, ya raba da yawan katin da suka fito, ya ɗora ladan lokacinsa. Ya sa sunan sana'arsa da ɗan ƙaramin hatimi a bayan kowane kati. Shagunan kayan lefe, da masu yin kek, da masu shirya biki, da makarantun da suke yaye ɗalibai, duk wuraren kai samfuri ne. Aikin katin Sallah kuma tun cikin Sha'aban ake fara shi.

Kira na ƙarshe ga malaman firamare da na Islamiyya da masu cibiyoyin koyar da sana'a: a sa wannan darasi cikin jadawali kafin azumi mai zuwa. Aji guda ba ya buƙatar fiye da kwali, da guntayen soso, da fenti kala huɗu, da ganyen da yara za su tsinko a hanya. Iyaye su daina zubar da tsofaffin kalanda da ledar bangon takardu, su tara wa yara. Matasan da suka halarci wannan zama kuma, kowa ya koma gida ya yanka marufinsa na farko a wannan makon, ya yi kati ɗaya, ya kai wa wanda ya daɗe bai gaisar ba.

Allah ya sa albarka a hannuwanku.